Tsakanin Mutum da Abin Kiwonsa



Idan labari ya zo daga Turai ko Amurka cewa wani ya kasa zuwa aiki saboda karensa ya mutu, ko wata ta kwana a asibitin dabbobi tana jinyar kyanwarta, abin da ya fi saurin zuwa bakin mutanenmu shi ne dariya. A ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, ko a ce rashin dangi ne ya sa suka mai da dabba ɗan uwa. Wani ɓangaren zancen yana da ƙamshin gaskiya. Amma mai dariyar nan, a bi shi gida a gani. Sau da yawa za a tarar da rago a turke wanda ba ya yarda kowa ya dama wa dusa sai shi, ko tantabaru a kan soro da yake ƙirgawa kowace magariba, ko wata tsohuwar mage da mahaifiyarsa ke cire wa kan kifi daga cikin kwanonta. Shaƙuwa da dabba daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Faɗinta ne kawai muke jin kunya.

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan da ake kiwon doki ya san abin da nake nufi. Da asuba, tun maigidan bai ƙaraso barga ba, dokin ya riga ya gane takunsa daga zaure. Sai ya miƙe kunnuwa, ya yi wata 'yar haniniya ƙasa-ƙasa da ba ya yi wa baƙo. Maigidan ya shafa masa wuya, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ya duba ko tsakuwa ta maƙale, ya kalli kashin da ya yi cikin dare don ya san lafiyar cikinsa, sannan a zuba harawa, a kawo dawa da dusa, a jiƙa kanwa. Akwai magidantan da ba sa karya kumallo sai sun ga dokinsu ya sa baki a abinci. Ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa a Kano, mu 'yan kallo ado muke gani, sirdi da jalala da sukuwar jafi, kuma adon ya isa a kalla, tunda a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Amma abin da ke sa ingarma ya tsaya cak a gaban sarki, ga ƙarar bindiga ga kakaki ga ihun jama'a, tun a barga aka ƙulla shi, cikin watannin da babu mai tafi, lokacin da dabbar ta sakankance cewa muryar wannan mutumin ba za ta kai ta ga halaka ba. Ba banza ba fadojinmu suka ware sarauta sukutum, ta Shamaki, don kula da dawaki.

Masu tantabara nasu salon daban ne. Yaro ya tara kuɗin kashewarsa ya sayi biyu, mace da namiji, ya kafa musu tsohuwar tukunya ko akwatin katako a jikin katanga. Daga nan ya zama malami a kansu: ya san ƙwai biyu suke yi, ya san uwa da uba karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci har kusan kwana 18, ya san dukkansu biyu suke ɗura wa 'ya'yan abinci. Idan garke ya sauko da yamma, kallo ɗaya zai yi ya ce wance ba ta dawo ba, ya kuma bi unguwa gida-gida yana cigiya. Bafulatani kuwa sai dai mu yi shiru, domin shi kowace saniya da sunanta, ya kira ta daga nesa ta ɗago kai ta taho.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ragon layya. A gidaje da yawa ba ana jibi Sallah ake sayen rago ba. Tun yana ƙarami ake kawo shi a turke a tsakar gida, kuma galibi yaro ake ɗora wa hidimarsa. Shi ne mai yanko ciyawa idan an taso daga makarantar allo, shi ne mai tara ƙasari da ɓawon wake, shi ne mai wanke shi da sabulu a bakin rijiya har gashin ya yi fari tas. Ragon ya saba da shi, ya riƙa bin sa har ƙofar gida, ya riƙa tunkuyinsa a hankali idan ya ji yunwa. Yaron ya laƙaba masa suna. To ranar Sallah, an dawo daga idi, an wasa wuƙa, sai a nemi yaro a rasa. Can a same shi a bayan ɗaki ya haɗa kai da gwiwa. Da dare a miƙa masa hanta ya kau da kai. Abin da manya suka saba yi kuma shi ne su fashe da dariya: “Kai, a kan rago kake kuka? Namiji da kai!”

Wannan dariyar kuskure ce. Layya ibada ce, babu mai cewa a fasa ta don yaro ya yi hawaye. Amma hawayen nan ba abin kunya ba ne, mu ne fa muka ce sabo ake yi wa kuka. Yaron ya yi wata da watanni yana riƙe da amana, ya cika ta, zuciyarsa ta ɗarsu da abin da aka ba shi riƙo. Idan muka yi masa ba'a, darasin da ya ɗauka shi ne tausayi rauni ne, namijin gaske ba ya jin komai. Sai kuma mu zo muna mamaki idan bayan shekara biyu muka gan shi cikin masu jifan kwikwiyo a bola. Da uban zai zauna kusa da shi ya ce, “Na san kana son sa, kuma ka kula da shi yadda ya kamata, Allah ya yi maka albarka,” sannan ya bayyana masa ma'anar layya, da yaron ya tashi da abu biyu a hannu, addininsa da taushin zuciyarsa.

Muna da abin koyi a kan wannan. Sahabi Anas ɗan Malik yana da wani ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, wasu ruwayoyin kuma sun bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da halin da yake ciki, ya kira shi da alkunyarsa cikin raha da lallashi, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Shugaban al'umma, da duk nauyin da ke kansa, bai ga baƙin cikin yaro a kan tsuntsu ya yi ƙanƙantar da za a wuce shi ba. Malamai sun ciro hukunce-hukunce da dama daga wannan hadisi, ciki har da halaccin ajiye tsuntsu matuƙar za a ba shi haƙƙinsa. Abu Huraira ma, wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwayar hadisi, 'yar kyanwar da yake ɗauka ce ta jawo masa sunan da duniya ta san shi da shi.

Masana tarihi su ma sun tono nasu shaidar. A 1914 masu fasa dutse a Oberkassel, kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, suka ci karo da wani kabari mai kimanin shekara 14,000. Mutum biyu ne a ciki, namiji da mace, tare da kwikwiyo. Da aka sake nazarin haƙoran kwikwiyon, binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna ya yi fama da wata muguwar cutar karnuka har tsawon makonni, irin ciwon da ba a jure masa sai da mai ba da ruwa, mai share amai da zawo, mai ɗumama jiki. Kwikwiyo ɗan wata bakwai, marar lafiya, ba farauta ba gadi. Mutanen da abincinsu na gobe ma ba shi da tabbas suka tsaya suka yi jinyarsa, da ya mutu suka binne shi cikinsu. A nan babu zancen ƙoshi.

A 2015 kuma wasu masu bincike na Jami'ar Azabu a Japan suka auna abin da ke faruwa a jiki idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna. Suka samu wani sinadari mai suna oksitosin, wanda jikin uwa ke saki lokacin shayarwa, yana ƙaruwa a jikin mutumin da na karen baki ɗaya. Da suka gwada da kyarkecin da mutane suka raina, ba su ga haka ba. Wato idan mai dabba ya ce yana jin ta a ransa, ba shaci-faɗi yake yi ba, jikinsa ma ya shaida.

A can Japan ɗin ne aka yi karen nan Hachiko. Ubangidansa, Farfesa Ueno na jami'ar Tokyo, kullum a tashar jirgin ƙasa ta Shibuya karen ke tarye shi idan ya taso aiki. A watan Mayun 1925 malamin ya faɗi a wurin aiki ya rasu. Karen ya ci gaba da zuwa tashar kusan shekara goma, har ya mutu a watan Maris na 1935. Yau mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar tashar, baƙi na layi don ɗaukar hoto. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin wata jarida ta buga labarinsa a 1932, ba kowa ke yi masa kallon arziki a tashar ba, kora da tsangwama yake sha kamar kowane karen titi. Halinsa bai canza ba tsakanin 1931 da 1933. Mutane ne suka ji labarinsa. Karnukan da ke yawo a kasuwanninmu, da yawansu a gidan wani suka buɗe ido.

To, batun kare a wurinmu yana da nauyi, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Hadisai ingantattu sun taƙaita ajiye shi ga farauta da kiwo da gadin gona, ni ma ba na kiran kowa ya hau da kare kan gadonsa. Sai dai addinin da ya yi wannan iyaka shi ne ya halatta abin da horarren kare ya kamo, a farkon Suratul Ma'ida. Shi ne ya ba mu labarin mutumin da ya shiga rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, aka gafarta masa, da na matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, ta shiga wuta. A mazhabar Imam Malik, wadda yawancinmu ke bi a wannan yanki, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Saboda haka mai jifan kare kada ya fake da addini.

Mafarautanmu sun fi mu sanin wannan. Maharbi ya san muryar kowane karensa a cikin daji, ya san haushin da ke nufin zomo da wanda ke nufin abin da ya fi ƙarfinsa. Idan gadu ya farke wa kare ciki, za ka ga ƙato ya saɓo shi a kafaɗa tun daga dawa har gida, jini na bin bayan rigarsa. Buzaye ma a yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da siririn karensu mai dogayen ƙafafu, wanda ke kwana a gefen tanti yana tsaron dabbobi, yanzu har Turai ana kiwonsa da sunan yankin.

Amma son kare da ba a haɗa shi da allura ba, ganganci ne da ran 'ya'yan maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Alhali riga-kafinsa na nan. Ana yi wa kwikwiyo allura tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura. Masana sun ce idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Wanda kuma kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga abin da karen zai yi. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan ko da sun manta da sauran abin da na faɗa yau.

Yanzu kuma wani yayi ya shigo biranenmu. Matasa na sayen kyanwowi masu dogon gashi irin na Farisa da manyan karnukan ƙasashen sanyi, a ɗauki hoto a sa a Instagram da TikTok. Wasunsu tsakani da Allah suna kula da su, har sun fi mu sanin abin da ya kamata, ina kuma yaba musu. Wasu kuwa kaya suka saya, kamar sabuwar waya. Karen da aka halitta da gashin jure ƙanƙara, a ɗaure shi da sarƙa a kan siminti cikin zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda awon zafi ke haura 40, alhali shi ba ya zufa irin tamu, da haki yake sanyaya jikinsa. Kyanwa ta yi zazzaɓi a ɓantaro mata farasitamol, ba a san cewa wannan maganin guba ne mai kisa a jikin kyanwa ba. A cika mata kwano da madarar shanu don ƙauna, ta kwana tana zawo, domin yawancin manyan kyanwowi cikinsu ba ya narkar da ita. Aku kuma, mai toka-toka da jar wutsiya, tsuntsun garke ne a dazuzzukan kudu, farautarsa ta yi yawa har a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. A kulle shi shi kaɗai a keji, kaɗaici ya sa ya dinga fizge gashin jikinsa, mai shi yana ta murna wai akunsa ya iya sallama.

Masu dawakinmu ma ba su kuɓuta ba. Duk kyan hawa, idan aka sauko aka ga bakin doki na zubar da jini saboda kaifin linzami, ko haƙarƙarinsa duk sawun ƙaimi, to a ranar an zalunce shi, ko da kuwa shekara aka yi ana ba shi dawa. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, ba ta da inda za ta yi yaji. Duk ƙarfin yana hannun ɓangare ɗaya, shi ya sa nauyin ma yake can.

Na san akwai mai saurarona yanzu da ke cewa, mutane ba su ci sun ƙoshi ba, almajirai na kwana a kan titi, kai kana zancen kyanwa. Maganarsa abin dubawa ce. Mutumin da karensa ke cin nama kullum, maigadinsa na kwana da yunwa, albashinsa na wata biyu bai fito ba, wannan ya birkita tsarin haƙƙi, kuma son da yake wa karen ba zai wanke shi ba. Ɗan Adam ne a gaba. Amma tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an auna wa mage mudu ɗaya an rage na maraya. Abin da na sha gani a unguwanninmu shi ne, tsohuwar da ke ajiye wa mage ruwa a kasko ita ce dai wadda almajirai suka san ƙofarta. Kuma yawancin abin da dabba ke bukata a wurinmu ba na kuɗi ba ne: inuwa, ruwa mai tsabta, igiyar da ba ta shaƙe wuya, da hana yara ɗaura mata gwangwani a wutsiya.

Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata mu daina. Mage ta haihu a ɗakin girki, 'ya'yan ko ido ba su buɗe ba, sai a zuba su a buhu a ba yaro ya kai bayan gari. Uwar ta kwana uku tana zagaye gidan tana kuka, nono ya cika mata. Wanda ba ya son ta yi ta haihuwa, likitocin dabbobi na yin aikin da ke tsayar da haihuwar, a je a nemi shawararsu. In kuma an riga an haifa, a bari su kai wata biyu su fara cin abinci, sannan a nema musu gidajen da ke fama da ɓera, ba za a rasa ba.

Mai niyyar ɗauko dabba kuma ya yi lissafin shekaru tun kafin ya biya kuɗi. Kyanwar gida na iya kai wa shekara 15, kare 10 zuwa 13, doki 25 ko fiye, aku kuwa yana iya haura 40, wato yana iya binne mai shi. A cikin waɗannan shekaru za a yi aure, za a yi canjin wurin aiki, za a tashi daga gidan haya zuwa wanda mai shi ba ya son dabba, za a tafi aikin Hajji. Dokin zai tsufa ya daina sukuwa, karen zai kurumce ya daina jin motsin ɓarawo, amma cin abinci ba za su daina ba, ciwo ma sai ƙaruwa. Tun yanzu ake sanin wa zai riƙe idan an yi tafiya, da kuma inda kuɗin magani zai fito. Wanda ya auna ya ga ba zai iya ba, ya bar ta a hannun mai iyawa, ya riƙa zuwa yana gani.